The Hurt Locker: Sajan James jarumi ne ko marar lafiya?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya bayan yara sun kwanta na sake kallon The Hurt Locker, karo na uku ke nan. Na kwana da shi a raina, shi ya sa na ce bari in kawo shi zauren nan. Wanda bai kalla ba kuma ba ya son a ba shi labarin ƙarshe ya yi haƙuri ya wuce, don dole sai na taɓo ƙarshen.

Fim ne na Amurka a kan wasu sojoji uku masu kwance bam a Bagadaza a shekarar 2004. Shugabansu na farko bam ya kashe shi tun a mintunan farko, sai aka turo musu Sajan William James, saura kwana 38 wa'adinsu ya cika su koma gida. Sauran biyun, Sanborn da Eldridge, ƙirga kwanaki kawai suke yi. Shi kuwa James abin nema ne ya samu.

Inda ya tsaya mini a rai shi ne wurin kantin nan. Mutumin da ya ce ya kwance bam 873, wanda yake tsugunawa gaban mota cike da nakiya hannunsa ko rawa ba ya yi, ya koma gida lafiya. Suna sayayya a babban kanti matarsa ta ce ya ɗauko kwalin abincin karin kumallo. Ya tsaya gaban kwalaye iri-iri jere har ƙarshen layi, ya yi shiru, ya rasa wanda zai ɗauka. Duk tsawon fim ɗin a nan ne kaɗai na ga ya rasa abin yi. Daga baya yana wasa da jaririnsa yake faɗa masa cewa in mutum ya girma abubuwan da yake so raguwa suke yi, shi nasa ma kamar ɗaya ya rage. Sai ga shi ya sake sanya rigar kwance bam, aka rubuta saura kwana 365.

Tambayata ita ce, mutumin nan jarumi ne ko marar lafiya?

Abba Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam Yaya. Ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A bikin Oscar na 2010 an sa fim ɗin takara a rukuni 9, ya ci 6, har da gwarzon fim na shekara. Kathryn Bigelow da ta ba da umarni ita ce mace ta farko da ta ci kyautar gwarzon darakta, kuma wanda ta kayar har da tsohon mijinta James Cameron mai fim ɗin Avatar. Kuɗin da aka kashe wa fim ɗin bai wuce dala miliyan 15 ba. A ƙasar Jodan suka ɗauka, da kyamarori huɗu na hannu a lokaci guda, suka tara hoto na kusan awa 200. Shi ya sa hoton yake rawa, kana kallo kana jin kamar kai ma kana tsaye a titin kana waige-waige.

Amsar tambayarka kuwa, jarumi ne mana. Duk bam ɗin da ya kwance rayuka ya ceta. Wa zai yi aikin in ba irinsa ba?

Baban Hanifa:
To ƙanena, Eldridge fa? Da dare bayan fashewar tankar mai, ba aikinsu ba ne su bi kowa, amma James ya ja su cikin lunguna su uku suna neman wanda ya tayar da bam ɗin. Aka kama Eldridge, wajen ceto shi harsashin James ɗin ne ya farfasa masa ƙashin cinya. Ka tuna abin da yaron ya faɗa masa lokacin da ake sa shi a jirgi? Cewa ya yi jarabar James ta neman haɗari ce ta jawo masa wannan.

Abba Mai Kyamara:
Na tuna. Amma a hamada fa, lokacin da maharbi ya tsare su awanni cikin rana? James ne ya lallashi Eldridge har ya iya goge jinin da ya hana harsasai shiga bindiga. Shi ne kuma ya miƙa wa Sanborn lemon kwali ya fara sha kafin shi, alhali shi ma ƙishi na cinsa. Wanda bai damu da mutanensa ba ba zai yi haka ba.

Malam Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ku gafarce ni, amma ni tun daga tambayar nake da ja. Kuna ta muhawara a kan lafiyar zuciyar sojan Amurka, ba wanda ya tambayi abin da ya kai shi Bagadaza. An mamaye Iraƙi a watan Maris na 2003 da hujjar makaman ƙare-dangi, aka bincike ƙasar ba a same su ba. A watan Mayu na shekarar Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya mulki ƙasar, ya rushe rundunar sojan Iraƙi, dubban ɗaruruwan mutane da suka san makami suka wayi gari ba albashi, rumbunan makamai kuma a buɗe ana kwasa. Waɗancan ƙwansunan igwa da James yake jawowa daga ƙasa da waya, daga irin waɗannan rumbuna suka fito. Fim ɗin bai ce uffan a kan wannan ba.

Sannan ku duba yadda aka nuna mutanen gari. Suna leƙe ta taga, suna tsaye a kan soro, wani na riƙe da kyamara, wani da wayar hannu. Kowa abin zargi ne. Sojojin Amurka da suka mutu a yaƙin kusan 4,500 ne, kowannensu da sunansa a rubuce. Fararen hular Iraƙi da suka mutu sun haura dubu ɗari nesa ba kusa ba. A 2004 ɗin da fim ɗin yake magana a kai aka yi yaƙin garin Falluja, a shekarar ne hotunan azabtar da fursunoni a gidan yarin Abu Ghraib suka fito. Sai a ba mu awa biyu muna tausayin mai bindiga?

Abba Mai Kyamara:
Malam, ai da gangan aka yi haka. Marubucin, Mark Boal, ɗan jarida ne da ya bi masu kwance bam a Bagadaza a 2004, abin da idon soja yake gani ya rubuta. Soja a titi bai san wane ne mai kallo kawai, wane ne mai jiran ya danna waya ba. Kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fito a matsayin mutanen gari 'yan gudun hijirar Iraƙi ne da ke zaune a Jodan.

Malam Ɗan Damagaram:
Wannan ma ya ƙara mini ƙarfin hujja, ɗana. Mutanen da yaƙin ya kora daga gidajensu an ɗauko su su tsaya a taga su yi shiru.

Baban Hanifa:
Malam, na yarda da rabin maganarka. Amma akwai wurare biyu da nake ganin fim ɗin bai rufa wa Amurka asiri ba. Na farko, Kanar ɗin nan da ya zo yana yaba wa James. Jim kaɗan kafin nan an kama wani ɗan Iraƙi da rauni, mai ba da magani ya ce zai rayu in an kai shi asibiti, Kanar ya ce ba zai rayu ba, sai muka ji ƙarar bindiga. Na biyu, yaron nan mai sayar da faifan DVD da yake kiran kansa Beckham. James ya ga gawar wani yaro da aka cusa wa bam a ciki, ya haƙiƙance shi ne, har ya fita bariki da dare da bindiga ya faɗa gidan wani farfesa da bai san hawa ba bai san sauka ba, matar gidan ta kore shi. Bayan kwanaki sai ga Beckham da ransa yana masa magana. Wato yaron da yake ganin ya shaƙu da shi ma bai iya bambanta fuskarsa da ta wani ba. Kuma da ya gan shi a raye, ko kallonsa bai yi ba ya wuce. Wannan ba yabo ba ne.

Baba Sajan:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ta nuna mini wannan magana, ta ce Baba ga irin taku ana yi. Na kalli fim ɗin shekarun baya a gidan ɗana. Ni ban je Iraƙi ba, ban kuma taɓa kwance bam ba. Laberiya na je da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990, daga baya Saliyo.

Abba, kai yaro ne mai kirki, amma in gaya maka gaskiya, da a ƙarƙashina James yake da bai kwana biyu ba. Soja da zai cire na'urar magana daga kunnensa ya jefar don kada a dame shi, ya tuɓe rigar kariya ya ce gara ya mutu yana jin daɗin jikinsa, wannan kashe mutane zai yi. Naushin da Sanborn ya yi masa bayan nan shi ne abu mafi gaskiya a wurin. Kuma babu inda mutum uku suke fita su kaɗai ba masu tsaron bayansu. Tsofaffin sojojin Amurka da suka yi aikin su ma sun soki fim ɗin a kan haka. Ƙa'ida ita ce a fara tura na'urar nan mai rimot, mutum ba ya taka ƙafa zuwa wurin bam sai in babu yadda za a yi.

Wannan ɓangaren shirin fim ne. Amma wurin kantin da Baban Hanifa ya faɗa, wallahi wanda ya rubuta shi ya zauna da sojoji.

Da na dawo daga Manrobiya an yi mini tarba, an yanka rago, dangi sun cika gida. Kwana uku ina murna. A rana ta huɗu uwargida ta zo tana mini maganar kuɗin makarantar yara da kwanon rufi da ke yoyo, ina kallon bakinta yana motsi, ban ji komai a raina ba. Kamar ana magana a bayan gilashi. A can duk abin da na yi yana da nauyi. In na ce a kwanta a kwanta, in na yi kuskure wani ya mutu. A gida kuwa tambaya ake mini tuwo ko shinkafa. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai bayan shekaru shi ne, da aka ce za a sake tura mu, daɗi na ji. Na ji kunyar wannan daɗin, don ina son iyalina, Allah shaida ne. Amma daɗin na ji.

Baban Hanifa:
Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana Baba. Wannan magana ta fi fim ɗin nauyi.

Malam Ɗan Damagaram:
Allah ya saka da alheri Baba Sajan. Ban janye maganata a kan Iraƙi ba, amma na saurara.

Anti Nas:
Barkanku da war haka. Na yi shekaru ina aikin jinya a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, bari in sa baki kaɗan.

Mutane suna haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya. Akwai ciwon firgici bayan tashin hankali, wanda likitoci ke kira PTSD. Alamominsa su ne mugayen mafarkai, abin da ya faru ya riƙa dawo wa mutum kamar yanzu yake faruwa, gudun duk abin da zai tuna masa, zabura da ƙaramar ƙara, rashin barci, saurin fushi, da mutuwar zuciya irin wadda Baba ya kwatanta. In ya wuce wata guda yana hana mutum rayuwarsa, to ciwo ne. Sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi a littafinta, bayan abin da aka gani a jikin waɗanda suka dawo daga Biyetnam. A da, sau da yawa tsoro ake ɗaukarsa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Birtaniya ta harbe sojojinta 306 bisa laifuka irin su gudu daga fagen daga da ragwantaka, da yawansu marasa lafiya ne, sai a 2006 aka yi musu afuwa.

A fim ɗin wanda ya fi nuna wannan ciwo Eldridge ne. Ya ga mutumin da ke riƙe da waya a shagon nama, bai harba ba, shugabansu ya mutu. Shi ya sa yake zama gaban likita yana ɗana kunamar bindiga yana maimaita cewa da ya harba da mutumin yana raye. Laifin da yake ɗora wa kansa ne yake cinsa. Sai kuma likitan da kansa ya biyo su fita don ya nuna masa yana tare da shi, bam ya tashi da shi a gaban idonsa.

James nasa daban ne. In mutum yana cikin haɗari jiki yana sakin sinadarai irin su adirenalin, zuciya ta buga da sauri, ido ya buɗe, hankali ya taru wuri ɗaya. In aka daɗe a haka jiki yana sabawa, zaman lafiya ya koma masa kamar abinci ba gishiri. Tun a farkon fim ɗin an rubuta maganar ɗan jarida Chris Hedges da ke kwatanta yaƙi da ƙwaya. Ku tuna akwatin da yake ajiyewa a ƙarƙashin gado, cike da guntayen bama-baman da suka kusa kashe shi, har da zoben aurensa a ciki. Haka masu shaye-shaye suke da abin da yake halaka su, suna tsoronsa suna kuma ƙaunarsa.

Don haka Baban Hanifa, ni ban ga dalilin zaɓar ɗaya ba. Abin da ya sa ya ƙware a aikin shi ne dai abin da ya hana shi zaman gida.

Abba Mai Kyamara:
Anti, amma in an warkar da irinsu wa zai je gaban bam ɗin?

Baba Sajan:
Masu tsoro za su je, ɗana. Mafi yawan waɗanda na ga sun yi aiki mai kyau masu tsoro ne, tsoron ne yake sa su bi ƙa'ida. Wanda ya daina jin tsoro mukan sa masa ido, don ko shi ko na kusa da shi wani zai tafi.

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Na daɗe a zauren nan ban taɓa magana ba sai yau. Ban kalli fim ɗin ba, kuma bayan abin da na karanta ban san ko zan iya ba. Ina da tambaya ɗaya. Matar James fa, me aka nuna a kanta?

Baban Hanifa:
Kaɗan ne ƙwarai, Maman Sadiq. Akwai inda ya kira ta a waya daga Iraƙi, ta ɗauka tana ta kiran sunansa, ya kasa cewa komai ya kashe. Sai a ƙarshe suna kicin yana ba ta labarin wani bam da ya kashe mutane, yana cewa ana buƙatar masu kwance bam, ita kuma ta miƙa masa abin da zai yanka. Ta gane inda maganar ta dosa, ba ta ce komai ba.

Maman Sadiq:
To ni ce wannan matar. Maigidana ya yi shekaru a Arewa maso Gabas. Ya dawo da ƙafafunsa da hannayensa, alhamdu lillahi, da yawa ba su dawo ba. Amma ba ya zama inda bayansa yake kallon ƙofa. In yara suka fasa abin wasan wuta lokacin biki sai ya miƙe tsaye jikinsa na ɓari. Barcinsa bai wuce awa uku ba. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, mutumin kirki ne, sai dai yana zaune da mu amma ba ya nan. In abokan aikinsa suka kira shi sai in ji yana dariya irin wadda na manta yana da ita. Na yi kishin wannan dariyar fiye da yadda zan yi kishin kishiya.

Dangi sun ce sammu ne, an yi rubutu an yi hayaƙi. Ni ma ina masa addu'a dare da rana. Da na ce mu je asibiti sai ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Daga ranar ban sake tayar da maganar ba.

Anti Nas:
Allah sarki 'yar uwa, sannu da ƙoƙari. Ba hauka ba ne, kuma ana samun sauƙi sosai. Akwai magani ta hanyar zama da ƙwararre a yi ta magana a kan abin da ya faru a hankali har ya rage ƙarfi, akwai kuma magungunan da ke taimaka wa barci da damuwa. Addu'a da asibiti ba sa karo da juna. Shawarata kada ki fara da kalmar ƙwaƙwalwa. Ki fara da barci, ki ce mu je a duba rashin barcin nan. Maza da yawa ta wannan ƙofar suke shigowa. In kuma kika taɓa jin yana maganar gajiya da rayuwa, ko ya fara shan wani abu don ya yi barci, wannan ba a jira, a tafi a ranar. Ki yi mini magana ta gefe in kina so.

Malam Ɗan Damagaram:
Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan haƙuri. Kin tuna mini da wani tsoho a unguwarmu ina yaro, ɗan asalin Najeriya ne, cikin waɗanda Turawan Ingila suka kai Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. In jirgi ya wuce sai ya shige ƙarƙashin rumfa. Mu yara muna binsa muna dariya, ba wanda ya gaya mana abin da ya gani. Allah ya yafe mana.

Amma ku bar ni in ƙara abu ɗaya a kan fim ɗin. Wanda ban manta ba shi ne mutumin nan mai iyali da aka ɗaura wa bam a jiki aka kulle da kwaɗuna, ya zo da hannuwa sama yana roƙon a cire masa. James ya gwada, ƙarfen ya fi ƙarfin almakashinsa, lokaci ya ƙure, ya ba shi haƙuri ya ruga. Mutumin ya ɗaga kai sama yana ambaton Allah. Shi ma yana da mata a gida, ita ma tana jiran ya dawo. Ita ko a waya ba a nuna mana ita ba.

Baban Hanifa:
Gaskiya ne Malam. Sau uku na kalla ban taɓa tunanin matarsa ba sai yanzu da ka faɗa.

Baba Sajan:
Maman Sadiq, 'yata, ki ji. Ni shekara tara na yi a haka kafin in buɗe baki, kuma ba ga likita na fara buɗewa ba, ga wani abokina ne da muka yi Saliyo tare. Shi ya fara ce mini har yanzu yana jin warin wurin in ana ƙona shara. Na ce kai ma? Daga baya shi ya raka ni asibiti, ya zauna a benci yana jirana. Mijinki ba zai faɗa miki abin da ya gani ba, kuma ba don bai yarda da ke ba ne. So yake ki zauna ba ki sani ba, don ke ce wurin da abin bai taɓa ba.

Mu tsofaffin sojoji muna zama ƙofar gidana duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu sha shayi. Jikata za ta tura miki kwatance ta gefe. Kada ki ce masa magani ne. Ki ce wani tsohon sajan da ya yi Laberiya yana gaishe shi, ya ce in ya samu sarari ya zo su gaisa.

Maman Sadiq:
Na gode Baba, Allah ya bar zumunci. Zan faɗa masa yau da dare in ya ci abinci.